Hunhuna

Inna ta kankare hunhuna daga bakin ƙwarya,
ta yi tsaki, ta watsar bayan danga.
Ni kuwa a labo, can hanyar Tanut,
ita nake kiwo cikin faifan gilashi,
ina ba ta ci kamar marainiya.

Kwana tara kafin ta yi kore.
Na tace ruwanta, ɗigo uku kacal.

Cikin jikin mutum akwai maƙera.
Wani anzim ke zuga,
wuri ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa.
Suna da yawa, ba mu san mai zugar ba.
Sai in ɗiga ruwan hunhuna
ya riƙe hannun ɗaya,
in zauna ina jiran ko wutar za ta lafa.

Jiya ta lafa kaɗan. Shekaranjiya ko gezau.

Da magariba na iske Baba Ilu a Birni,
ya jingina da dutse, gwiwa kamar tulu,
warin majema bai bar rigarsa ba.
Ya ce, "Tsahara, maganin ya nuna?"
Na ce tukuna, Baba, tambaya muke yi.
Ya yi dariya, ya miƙo ƙafar:
"To, tambayi wannan."