Keken Ɗinki a Rumfar Dukawa

Ladidi ta dawo daga jami'ar Marwa,
littafi a hammata, ni ina huda fata.
Ta ce, "Baba, mutanen Girka na can da,
in wani zai ta da ƙayar baya a gari
sai su ce yana sabunta al'amura.
Tawaye da sabon abu, bakinsu ɗaya."

Na ajiye basilla. Na ce, ashe suna da hankali.

Ta yi dariya. "Su ɗin dai
sammako suke yi bakin teku:
wane jirgi ya iso, me ya kawo?
Su kushe sabon kiɗa da dare,
gari na wayewa yana bakin 'ya'yansu."

Ban tanka ba.
Can ƙarshen rumfa Hamajoda na taka kekensa,
jaka bakwai kafin azahar,
ni guda, in hannu bai yi tsami ba.
Ɗinkin ragwaye, haka na kira shi a gaban dukawa.

Jiya da magariba, da rumfa ta watse,
na ɗora ƙafa kan matakin, sau ɗaya.
Allurar ta ruga ta bar ni.

Ladidi ba ta sani ba.