Kafin Alƙalami

Ranar da Barau dillali ya zo da gwangwanin fenti
ya rubuta "na sayarwa ne" a katangarmu,
ya ɗora lambar wayarsa a ƙasa,
na tsaya tsallaken kwata ina karantawa
kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Gidan Baba ne, a Tudun Wada:
ɗaki biyar, shago ɗaya, rijiya a tsakar gida.
Da kuɗin sallamar masaƙar Kakuri ya ƙarasa rufin,
shekarar da injuna suka yi shiru.
Mu bakwai ya bari,
gida kuwa ba tsire ba ne, balle a yanka shi bakwai.

Barau ya ce, "Ka bar mini bakin.
In masu saye sun zo, naka murmushi ne.
Kada ka ambaci ɗakin kudu mai yoyo,
damina da saura."

Na buɗe akwatin ƙarfen Baba.
Takardar cinikin farko, da hatimin mai unguwan da ya rasu,
rasit ɗin haraji na shekara talatin,
duk a ɗaure da zaren masaƙa.
A wata takarda Shekarau Mati,
a wata Shekarau Matti.
Harafi ɗaya ya ci mini mako uku
a kan bencin ofishin filaye,
har na san wanne cikin masinjojin ke da ciwon gwiwa.

Saura hannun Yaya Indo.
Na shiga mota a Kawo, na iske ta Zariya tana tankaɗe.
Ta saurara har ƙarshe, ta dangwala yatsa,
ta goge tawadar a bakin zaninta,
ta ce, "Turmin Inna ba ya cikin ciniki."

Sista Kande ce ta zo saye,
ungozoma, saura mata wata huɗu ta ajiye aiki.
Ta zo da ɗanta da mai awo.
Igiya ta nuna katangar Malam Tanimu
ta shigo mana taku biyu tun ina goye.
Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro,
mai unguwa ya ji ta kowa,
aka rubuta iyaka yadda take a ƙasa,
aka raba goro, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Da muka zo ƙofar ɗakin kudu
sai bakina ya riga ni:
"Nan yana zuba in ruwan Agusta ya kankama."
Barau ya yi tarin da ba na mura ba.
Sista ta ɗaga ido sama, ta ce,
"Na ga tabon tun zuwan farko.
Jira nake in ji ko za ka faɗa."
Ta rage kuɗin kwano bandir biyu,
ta ba da kafin alƙalami kafin la'asar.

Sauran ya tafi kamar ruwa a gangare.
Lauya ya karanta da Turanci, ya maimaita da Hausa,
shaidu huɗu suka sa hannu.
Gambo tela na shago ya samu wa'adin wata shida, a rubuce.
Wayata ta yi ƙara a aljihu, kuɗi sun shiga,
Barau ya ƙirga la'adarsa sau biyu, ya huce.

Ranar miƙa makulli na nuna mata
yadda ake ɗan ɗaga ƙyauren madafa kafin ya buɗu.
Ta tsaya kan zane-zanen ƙusa a jikin dogarin ƙofa,
inda Baba ke auna tsawonmu duk ƙaramar Sallah.
Ta ƙirga. "Takwas ne nan, ba bakwai ba."
Na ce na ƙasan na Lantana ne,
a nan ta tsaya.
Ta sa yatsa a kai, ta ce wa ɗanta,
"Mai fenti ya tsallake wannan katakon."

Jiya na biyo ta layin a Keke Napep.
An shafe rubutun Barau, an shanya farin kaya a igiyarmu.
Har na buɗe baki zan ce wa direba "akwai,"
sai na ce, "Mu je, gaba kaɗan."