Kwabon Rufin Gidanmu

Ranar da aka yaye kwanon gidanmu na Aboabo,
kafinta Kwaku Duah yana ta jefo ƙusoshi ƙasa,
kowace ƙusa da kwabo a wuyanta.
Dabarar kakana Gariba ce:
da kuɗin Turawa suka daina ci,
sai ya mai da kwabo mai huji matashin ƙusa,
kada ruwan Asante ya bi rami ya same mu a shimfiɗa.

Na tsince su a gwangwanin madara.
Ɗari da goma sha bakwai,
har da anini uku da ban san me ya kai su sama ba.
Goggo Tabawa ta kawo toka da lemun tsami,
wai a goge su su yi ido.
Allah ya taimake ni, ranar ina da kasala.

Ni mai gyaran agogo ne a Kejetia,
idona na dama ya saba da gilashi,
amma Mista Ofori na Adum,
tsohon akawun gidan waya, mai rawar hannu,
shi ya koya mini inda ake duba.
Ya ce, bar kambin sarki, bar tauraro,
bar shekara ma tukuna,
sauko ƙarƙashin hujin.
Can akwai abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Na sauko.
Sai ga H, tsaye kamar ƙofar zaure.
Na juya wani: K da N sun jingina da juna,
kamar fatake biyu a inuwar mota.
Wani kuma wayam, ba harafi ko ɗaya.
Ya ce, maƙera ce daban-daban,
kowace da shaidarta,
wata kuwa shirunta ne shaidarta.
Kwabo biyu, shekara ɗaya, nauyi ɗaya,
ɗaya kuɗin koko, ɗaya a yi ciniki a kansa har la'asar.

Dare goma sha ɗaya ina rarraba su a kan tabarma,
fitilar waya a baki,
'yata Lantana tana rubuta lamba a ƙananan ambulan.
Sauro ya ci rabonsa.

Akwai guda da ya hana ni barci.
Kan ƙusa ya zauna masa daidai wurin,
shekara sittin, damina da rani,
ya cinye gurbin ya bar shi sumul.
In na karkata shi hagu, sai in ga ƙafar H.
In na karkata dama, tsatsa ce kawai.
Wani ɗan Ankara ya taya shi da tsada,
in dai zan ce haka aka haife shi, ba harafi.
Kuɗin makarantar Lantana na kan hanya.
Na ce ya dawo jibi.

Kakana yana da zane a kumatu,
ko a tsakiyar kasuwar goro
Bagobiri ya hango shi ya san na gida ne.
Babana biyu kawai aka yi masa, gajeru.
Ni fuskata wayam.
A nan ana ce mini ɗan Zango,
da na je Sabon Birni gaisuwar rasuwa
suka ce ga baƙonmu na Gwanja,
suna dariyar yadda nake lanƙwasa harshe.

Jibi ta yi, mutumin ya zo da kuɗinsa a aljihun gaba.
Na sayar masa da KN guda huɗu, ya tafi yana gunaguni.

Wancan yana nan cikin akwatin agogo,
tare da ƙusarsa, ban raba su ba.
Lantana ta tambayi abin da za ta rubuta a ambulan.
Na ce, rubuta shekara.
Ta ce, wajen maƙera fa?
Na ce, rubuta: rufin Gariba, ɗakin gabas.