Ɓera Na Sha Bakwai

Ƙarfe shida a Farin Gada, sanyi na cizon kunne,
na auni gangamau mudu biyu wajen Iya Tasalla.
Ta ce, "Ɗan nan, miya za ka yi ko rini?"
Na ce aiki ne.
Ta yi dariya, ta ƙara mini gyara.

A ɗakin gwaji mukan shanya shi, mu niƙa,
mu jiƙa, mu tace, mu sake tacewa,
har mudu biyu su koma abin da cokalin shayi zai ɗauka.
Gefe guda ga ƙaron hano cikin kwalba,
ga citta, ga ɓawon da ba mu gama sanin halinsa ba.
Kachollom ke riƙe da littafi.
Ba ta yarda da "kamar" ba, sai lamba.

Ƙanena Tanimu tela ne a Gangare.
Shekara huɗu ke nan hanjinsa na ci da wuta.
Ya san kowane makewayi daga Taminus har Bukuru,
wanda ke da ruwa, da wanda ƙofarsa ba sakata.
Wandon da ya ɗinka wa kansa bara
yau sai ya naɗe ƙugu sau biyu.
Ya daina zuwa ɗaurin aure.
A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da ƙofa.

Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sammu.
Likita ya ce garkuwar jiki ce ta ruɗe,
mai gadi ya juya yana sukar masu gida.
Ƙwayar da ke lafar da ciwon ta kumbura masa fuska,
allurar kuwa, kuɗinta ya fi keken ɗinkinsa.

Ranar Laraba na sa ido a madubin gwaji.
Hanjin ɓera na sha bakwai:
jan ya ja baya,
gyambon ya fara haɗe baki
kamar tafkin kuza da rani ya tsotse gefensa.
Na riƙe tebur don kada hannuna ya tona ni.
Kachollom ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago.
"Na gani," in ji ta. "Kawo na sha takwas."

Na sha takwas bai canja ba.
Na sha tara ma haka.
Da daddare aka ɗauke wuta, janareta ba mai,
aikin wata uku ya narke a firji.
Da safe muka wanke kwalabe, ba mai magana.

Duk da haka na ba Tanimu labari, bakina ya yi sauri.
Ya tsayar da keke.
"To ku ba ni mana, Yaya.
Ko ɓera ya fi ni gata?"

Ta ina zan fara?
Ban san nawa hanji zai sha ba, nawa zai wuce banza,
ban san me hanta za ta ce ba bayan shekara.
Abin da ya fito daga ƙasa ma yana da kaifi.
Na ce, "Kada ka bar maganin asibiti."
Ya ce, "Na ji."

Sai ya miƙa hannu ya karɓi farar rigata,
aljihun ya yage tun makon jiya.
Ya zura zare, ya dubi tabon rawaya a hannun rigar,
ya murza da yatsa.
"Wannan ba zai fita ba," in ji shi.
Ya taka keke.