Tuntuɓen Allura

Ɗari huɗu da sha tara ne, na ƙirga su jiya,
jingine da bango kamar lebura masu jiran albashi.
Kowanne da rigarsa ta kwali, gefe ya cinye,
wasu na warin taba, wasu na warin gishirin teku.
A Valparaíso komai tsatsa yake yi,
ƙofa, makulli, gwiwar tsoho.
Faifai ne kawai ya ƙi.

Da yamma, in ƙugiyoyin tasha sun daina ɗaga kaya,
nakan zaro ɗaya, in riƙe shi ta baki-baki
yadda ake riƙe kwanon miya mai zafi,
in hura, in share da yankin tsohuwar rigar barci,
in sauke allura ina ɗauke numfashi.
Kafin kiɗa akwai wani ƙas-ƙas-ƙas,
kamar an tsoma kifi a mai.
Nan na fi so. Sallamar baƙo ce kafin ya shigo.

Jikata Maite ta ce, "Kaka, duk suna cikin wayata,
sayar da su a gyara rufin nan mai yoyo."
Na ce, wayar taki tana da bayan da ake juyawa?
Tana sa mutum ya tashi daga kujera?
Ta yi dariya, ta tura bokiti ƙarƙashin ɗigon.

Akwai wani mai jar riga.
Daren da muka tare a kan wannan tudu,
ba gado, ba labule, sai garmaho da tebur mai gurguwar ƙafa,
Hortensia na rawa ba takalmi,
ƙugunta ya bugi tebur,
allura ta yi tsalle ta karce waƙa ta uku.
Tun daga ranar, mai busa ƙaho in ya iso wurin
sai ya yi tuntuɓe,
ya koma, ya koma, ya koma,
har sai wani ya taɓa shi da yatsa.
Shekara arba'in da ɗaya ita ke fitowa daga kicin,
hannu duk garin burodi,
ta ce, "Wuce mana, bawan Allah!"
ta ɗan tunkuɗa shi, ya wuce.

Bara a kasuwar Lahadi,
Baldomero mai baza kaya a kan buhu ya yafito ni:
ga irinsa, sabo fil, allura ba ta taɓa hawa ba.
Na ba shi kuɗin gas na wata guda ban taya ba.
Matakala ɗari da sittin na hau da shi a ƙirji,
ina tsayawa, ina haki, ina kare shi daga yayyafi.

Waƙa ta farko, tas.
Ta biyu, tas.
Ta uku ta zo, mai ƙaho ya iso wurin,
ya wuce sumul, ko waiwaye bai yi ba,
kamar wanda bai taɓa cin abincin gidan nan ba.
Sai na tsinci kaina a tsaye,
yatsa a miƙe,
ba abin tunkuɗawa.
Kicin shiru, famfo kaɗai ke ɗiga.

Na mayar da shi rigarsa, yana can ƙarshen layi.
Maite za ta samu kuɗin kwano biyu a kansa.

Yanzu tsohon nake sawa.
In ya yi tuntuɓe ba na gaggawa,
nakan bar shi ya koma sau goma, sau ashirin,
jiragen ruwa na kunna fitilu a ƙasa,
karen maƙwabta na haushi,
ina kallon ƙofar kicin.
Sai shayi ya huce a hannuna
sannan in tashi da kaina.