Awon Ƙugu

A Lautoka, inda hayaƙin matatar rake
ke riga alfijir shiga hanci,
nake ɗinki, shekara talatin da huɗu.
Sunana Shiu Narayan. Tef ɗina rawaya ne,
lambobinsa sun goge daga talatin zuwa arba'in,
nan ne babban yatsana ya fi tsayawa.

Ina da littafi mai bangon kwali,
kowa da shafinsa: kafaɗa, hannu, ƙugu.
Sakiusa, direban jirgin rake,
inci talatin da biyu ranar aurensa,
talatin da tara ranar auren 'yarsa.
Ƙafafu kamar sillen kara,
tumbi ya yi gaba ya bar mai shi a baya.
Sikelin asibiti ya ce nauyi ya dace da tsawo,
ya shigo yana dariya: "Ka ji ko? Garau nake."
Allura na bakina, ban tanka ba.
Bara da damina zuciyarsa ta tsaya,
wandonsa na nan a rataye, ban ƙarasa kalmasa ba.

Vilimaina kuwa, sikeli har ƙara yake in ta hau,
kowa ya ce ita za ta riga mu.
Ga ta can tana hawan tudun coci duk Lahadi,
ta riƙe sukarin jininta kamar akuyar ɗaure.

Kamlesh ya rame, ana ta yi masa barka.
Sau uku na rage masa wando cikin wata shida.
Ashe ciwon ne ke cinsa ta ciki,
aikin gara a ginshiƙi.

Jiya ma'aikaciyar jinya ta sauke ni daga sikeli,
ta zaro tef irin nawa sak,
ta zagaye cibiyata. "Saki numfashi, Baba,
kar ka haɗiye cikin."
Na ji kunya. Dabarar da ake yi mini ce kullum.
Ta ce in ƙugu ya haura rabin tsawon mutum,
mai ciwon sukari ya buɗe ido.
Tsawona sittin da shida.
Ta rubuta talatin da takwas.

Na dawo shago, ban taka keke ba.
Na buɗe shafin da babu kowa,
na rubuta sunana, karon farko.
Shayin la'asar ya zo, na ture gwangwanin,
na sha da ɗacinsa.
Jirgin rake ya wuce ta bayan taga,
wani yaro ne ke tuƙi.