Lambatu a Tsohon Ramin Burji

A bayan Kurna, inda tifa ta shekara talatin
tana kwasar burji tana kai wa titunan birni,
an cike ramin da ɓaraguzai, an daddaɓe,
an yanka filaye, an kafa turaku.
Ƙasar dai ba ta manta ba.
Ciko kamar facin tsohuwar riga ne,
daga bakin ɗinki yake fara yagewa.

Ni aka ba zanen lambatu.
Na ɗauki rula da fensir,
na ja layi sak kamar titin Katsina,
daga bakin masallaci zuwa kwalbati.

Baba Inuwa, da ƙarfinsa ya ƙare kan diga a ramin nan,
ya juya takardar, ya miƙo mini.
Ya ce, "Ladidi, ruwa ba ya karatu.
In kin miƙe masa hanya, gudu zai yi,
mai gudu kuwa ba ya tafiya hannu rabbana.
Yau ya ɗauki yashi, gobe gindin katanga."

Na jira marka. Ranar Laraba ta sauko.
Na tsaya cikinta, takalmi ɗaya ya tafi,
na ga ruwa ja wur yana lasar gangare,
yana rarake ƙarƙashin ciko kamar gara.
Ya bar layina can,
ya bi ta bayan gidan mai ƙosai,
tsohuwar hanyar da jakuna ke fitowa da kaya.

Na koma na goge.
Na karya gangaren gida bakwai, matakala matakala,
kowace da kwarmin da ruwa zai faɗa ya huce.
Na faɗaɗa ƙasa, na kwantar da gefe,
tsakuwa a ƙarƙashi, dutse a kai, ragar waya ta ɗaure su.
A baki na dasa jema layi biyu,
saiwarta ta fi rodi sanin ƙasa.

Ɗan kwangila ya ce kuɗi sun hau.
Na ce ya tambayi mai ɗakin da ya tsage bara.

Yanzu in hadari ya haɗo daga gabas,
Baba Inuwa kan ja kujera bakin matakala ta huɗu,
ya saurari ruwa na sauka kamar tsoho daga bene.
Ni kam barcina rabi ne.
Damina ɗaya ba ta isa shaida ba.
Da asuba nakan zo da sanda in auna laka.